Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Masu Linux Suka Koyi Rufe Ƙofa

A shagunan gyaran kwamfuta na Tudun Wada, cikin garin Minna, akwai filashi guda da maigidan shago ba ya barin yara su taɓa. Wani a aljihun gaba yake ajiye ta, wani ya ɗaura mata zare ya haɗa da makullan shago. A cikinta ne babbar manhaja take, wadda ake ɗora wa laftof bayan an goge ta tas. Galibi Windows ce. Amma ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, musamman masu karatun tsaron intanet, sukan zo da buƙatar Ubuntu ko Kali, don haka Linux ma ta samu gurbi a filashin.

Wanda ya daɗe a sana'ar ba ya rawar jiki kan sabuwar fitowa. Yaron shago zai ce, "Oga, ai jiya aka saki sabuwa." Shi kuwa sai ya ce, "Bari ta kwana biyu tukuna, wasu su fara ɗanɗanawa." Yana da dalili. In laftof ta dawo da matsala bayan kwana uku, aikin banza ne zai sake, da datarsa da man janaretonsa, kuma mai kaya ba zai yarda cewa laifin daga wata ƙasa ya taso ba. Wannan taka-tsantsan na maigida shi ne ainihin abin da masu haɗa babbar manhaja suka shafe shekara talatin suna mayarwa doka, kuma kusan kowace doka a cikinsu sai da aka ƙone hannu kafin a kafa ta.

Babbar manhaja irin Debian ba mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ne ya rubuta ta ba. Tarin ƙunshe-ƙunshe ne: wannan na nuna hoto, wancan na haɗa kwamfuta da intanet, wani na buga takarda, kowanne da masu rubuta shi a wani lungu na duniya, kowanne kuma jingine da wasu. Debian 12 da ta fito a 2023 tana ɗauke da ƙunshi 64,419. A taɓa guda ɗaya a ƙasa, ɗari su girgiza a sama. Aikin masu shirya fitarwa shi ne su sa wannan taron ya tsaya cak na ɗan lokaci, a gyara abin da ya karye, a miƙa wa jama'a.

Ian Murdock, ɗalibi a Jami'ar Purdue ta Amurka, shi ya kafa Debian a watan Agustan 1993, ya haɗa sunan budurwarsa Debra da nasa. Darasin farko bai daɗe ba ya zo. A ƙarshen 1995 wani kamfanin buga faifai mai suna InfoMagic ya kwashi aikin da ba a gama ba, ya buga shi a faifai da sunan Debian 1.0, ya kai kasuwa. Ba yadda za a yi a janye faifan da ya riga ya shiga hannun mutane. Sai aka haƙura da lambar gaba ɗaya, fitowar farko ta gaskiya ta zama 1.1 a watan Yunin 1996, da ƙunshi 474. Daga nan aka fara sa wa kowace fitowa laƙabi tun tana hannu, don kada a sake ɗaukar ɗanye a matsayin dafaffe. Bruce Perens da ya karɓi jagoranci a lokacin yana aiki da kamfanin Pixar, shi ya sa laƙaban suka fito daga fim ɗin Toy Story: buzz, rex, bo, hamm, har zuwa trixie ta yau. Reshen da sababbin kaya ke fara sauka kuwa aka kira shi sid, sunan yaron maƙwabta mai farfasa kayan wasa, kuma sid ba ya taɓa fita a matsayin kammalalle.

A shekarun farko tsarin mai sauƙi ne, kuma mai gajiyarwa. In lokaci ya yi sai a ɗauki reshen sababbin kaya ɗungurungum, a ce an daskarar da shi, sannan kowa ya duƙufa kan gyara. Matsalar ita ce abin da aka daskarar cike yake da kayan da suka shigo jiya-jiya. Fitowar potato ta daskare tun Janairun 2000, ba ta ga rana ba sai Agusta. Anthony Towns, ɗan Ostireliya, shi ya kawo mafita a ƙarshen wannan shekarar: a buɗe zaure tsakanin sid da fitowa tsayayya. Ƙunshi zai kwana a sid na wasu kwanaki, goma ko biyar ko biyu gwargwadon gaggawarsa, in ba a kawo ƙarar wani babban aibi a kansa ba, kuma shigarsa ba za ta karya wani ba, sai wata manhaja mai gadin ƙofa, da suke kira britney, ta wuce da shi zauren gwaji. Fatan da aka yi shi ne zauren ya zama kullum a shirye yake da tafiya.

Fatan bai cika nan take ba. Woody ta fito a Yulin 2002, daga nan aka shiga jira mafi tsawo a tarihin Debian. Sarge sai 6 ga Yunin 2005, kusan shekara uku. Ana rubuta sabuwar manhajar ɗorawa, ana kuma ƙoƙarin kowane ƙunshi ya yi aiki a kan nau'in injin kwamfuta goma sha ɗaya. Wanda ya sayi sabuwar kwamfuta a 2004 sau da yawa woody ba ta ma gane kayan cikinta. A cikin wannan giɓin ne Mark Shuttleworth, attajiri ɗan Afirka ta Kudu wanda shi ma tsohon ɗan Debian ne, ya ɗauki wasu daga cikin gwanayenta aiki, ya fitar da Ubuntu ranar 20 ga Oktoban 2004, da alƙawarin sabuwa duk wata shida.

Nan fagen ya rabu gida biyu, kuma har yau haka yake. Debian na cewa sai ta nuna za a sauke. Ubuntu na cewa an sa rana, abin da bai shirya ba ya jira mota ta gaba. Kowanne ya san ɗacin zaɓinsa. Ubuntu ɗin da ke alfahari da cika alƙawari ta ɗaga fitowarta ta Afrilun 2006 da mako shida, don ita ce ta farko da za a kula da ita shekaru masu yawa. Shi ya sa lambarta 6.06, ita kaɗai ce ba ta ƙare da 04 ko 10 ba. Debian kuwa ta gwada saye lokaci da kuɗi. A 2006 wasu suka kafa asusun Dunc-Tank don a biya manajojin fitarwa biyu, Steve Langasek da Andreas Barth, dala 6,000 kowanne, su ajiye komai na wata guda su fuskanci fitowar etch, da nufin ta fito a Disamba. Ran 'yan sa-kai da yawa ya ɓaci: ga su suna aiki kyauta dare da rana, ga wasu ana biya. Wasu suka sassauta hannu da gangan. Etch ba ta fito ba sai 8 ga Afrilun 2007.

Mai son gane abin da ake kira daskarewa, ya tuna tela ana saura mako biyu Sallah. Akwai ranar da yake cewa ya rufe karɓar ɗinki. Ko ɗan uwansa ne ya zo da shadda sai ya ba shi haƙuri, domin in ya karɓa, kayan mutum ashirin da ke rataye ne za su sha wahala. Daga ranar sai datse zare, sa maɓalli, guga, da gyaran wuyan da ya karkace. Debian ta mayar da wannan mataki-mataki. A shirin bookworm, wato Debian 12, ranar 12 ga Janairun 2023 aka hana taɓa manyan ginshiƙai, wato kayan aikin da ake gina sauran ƙunshe-ƙunshe da su. Ranar 12 ga Fabrairu aka hana sabon ƙunshi shiga zauren gwaji, wanda aka kora ma ba ya dawowa. Ranar 12 ga Maris muhimman ƙunshe-ƙunshe suka koma sai da izini. Ranar 24 ga Mayu ƙofa ta rufe ruf: duk wani gyara, komai ƙanƙantarsa, sai mai shi ya nuna wa kwamitin fitarwa layi-layi abin da ya canza, ya faɗi aibin da yake magancewa, su duba su buɗe masa. Ranar 10 ga Yuni aka saki.

A waɗannan watannin ne ake ganin halin mutane. Mai kula da ƙunshi zai zo da sabon zubi na manhajarsa, yana rantsuwa ya fi tsohon ta kowace fuska, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amsar da yake samu ita ce ya tsamo gyaran aibin kaɗai, layi goma ko ashirin, ya bar sauran. Abin yana da ciwo. Mutum ya yi wata uku yana aiki a ce masa sai bayan shekara biyu. Amma tsohon zubi an san ramukansa, sabon kuwa ba wanda ya taka shi tukuna, kuma mai wannan rubutu yana tare da masu cewa a'a, ko da a ranar da shi ne aka mayar wa kaya.

Aibu ma hawa-hawa ne. Rumbun ƙorafin Debian, wanda lambobinsa suka haura miliyan ɗaya a Nuwamban 2021, yana da matakai bakwai, tun daga fatan alheri na "da ma a ƙara kaza" har zuwa wanda ke rusa kwamfuta gaba ɗaya ko ya cinye wa mutum bayanansa. Matakai uku na sama su ne masu hana fitarwa, kuma adadinsu ne kowa ke kallo kamar farashin hatsi a kasuwa. Don rage su ake shirya zaman gayya: mutane su taru a ɗaki ɗaya ƙarshen mako, kowa ya ɗauki aibi ya bi shi har rami. In mai ƙunshi ya yi shiru, doka ta yarda wani ya gyara masa ya tura, bayan ya sanar da shi. Wheezy ta nuna iyakar wannan hanyar, don ta daskare ranar 30 ga Yunin 2012, ta zauna fiye da wata goma kafin 4 ga Mayun 2013. Bayan ita aka kawo doka mai tsauri: ƙunshin da ba ginshiƙi ba ne, in babban aibi ya daɗe a kansa ba a kula ba, na'ura za ta fitar da shi daga zauren gwaji ba tare da jiran kowa ba. Da ma can aibin kowa ne, yanzu ya koma wuyan mai shi. Tun daga nan daskarewa ta gajarta, Debian kuma ta zauna kan fitowa duk shekara biyu.

Sai dai gyara ma yakan zama cuta, kuma babu misalin da ya fi na OpenSSL, ƙunshin da ke ƙera makullan sirri na intanet. A 2006 wani mai kula da shi a Debian ya ga manhajar bincike mai suna Valgrind tana ƙorafi kan wasu layuka biyu. Da kyakkyawar niyya ya yi, har ya tuntuɓi masu OpenSSL kafin ya kashe layukan. Ƙorafi ya tsaya, komai ya ci gaba da aiki, ba wanda ya ga wani canji. Ashe ɗaya daga cikin layukan shi ne ke zuba wa makulli abin da ke sa ba a iya cankarsa. Daga ranar, makullan kowane nau'i da ake ƙerawa ba su wuce 32,768 ba, adadin da kwamfuta za ta gwada duka kafin shayi ya huce. Aibin ya ratsa sid, ya ratsa zauren gwaji, ya tsallake daskarewar etch, ya shiga Ubuntu. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello, ɗan Ajantina, ya gano shi, duniya ta kwana tana canza makullai. Daskarewa tana kama aibin da ke ihu. Wanda ya yi lamo, in ba a samu mai karanta layukan da idon basira ba, wucewa yake yi.

Wanda ya fi taɓa masu gyara irin na Tudun Wada shi ne na Ubuntu 17.10. An kunna wani ƙaramin direba na Intel a cikin ƙwayar Linux, wanda bai kamata a kunna wa kowa ba. A kan wasu laftof, yawancinsu Lenovo, ya kulle BIOS: mutum ya canza saiti ba ya zama, wasu ma suka daina tashi daga filashi. Duk mai gyara ya san ma'anar wannan, domin filashi ce ƙofar da yake shiga ya ceto inji. A Disamban 2017 Canonical, mai Ubuntu, ta janye fitowar daga inda ake sauke ta, ta sake ta a Janairu bayan gyara. Ba masu Linux kaɗai ba ne: a Oktoban 2018 Microsoft ta janye sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan da sakinta saboda tana goge wa wasu fayilolinsu, ba ta dawo da ita ba sai Nuwamba. Ita ma Debian a Disamban 2023 ta dakatar da 12.3 a ranar da aka sa, da aka gano ƙwayar Linux ɗin da ke ciki tana iya lalata bayanai a faifai. Ta tsallake lambar ta saki 12.4. Ubuntu kuwa ba ta yi wa masu tsohuwar fitowa mai dogon zango tayin hawa sabuwa sai an yi mata gyaran farko, bayan wata uku ko huɗu. Kusan abin da Oga ke faɗa wa yaronsa ke nan.

Sai kuma ranar 29 ga Maris 2024, ranar da jinkiri ya biya bashinsa duka. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aikin PostgreSQL, yana gwaji a kan sid sai ya lura shiga kwamfuta daga nesa tana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ta saba. Bai ɗauke kai ba. Ya bi sawu har cikin xz, ƙaramin ƙunshin matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, ya tarar da ƙofar ɓarayi da aka gina da gangan. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon mai xz, Lasse Collin, wanda aiki ya yi wa yawa, har ya samu amana, sannan ya dasa abin a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. An yi ta matsa wa masu rarraba Linux su karɓi sabon zubin da wuri. Ya shiga sid da zauren gwaji, ya shiga Fedora ta gwaji, ya kwana uku a Kali, wadda daga zauren gwajin Debian take ɗiban kayanta kuma ita ce ɗalibanmu suka fi so. Debian tsayayya ko ƙurarsa ba ta gani ba, don tana kan tsohon zubi. Ubuntu 24.04, da ta rage saura makonni, ta ɗaga fitowar gwajinta da mako guda, ta sake gina ƙunshe-ƙunshenta daga tushe, sannan ta fito ranar 25 ga Afrilu.

Mu a nan gida mun ga irin wannan ta wata fuskar. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa bayan an gano cewa wani gyaran manhaja bai hau wasu injinan jarrabawa yadda ya kamata ba. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas abin ya shafa, aka ce su sake zama. Duk mai cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a Minna ya san ana iya wayar gari abin ya faɗo kansa.

Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne mun tsaya a matsayin masu jira. Najeriya ta taɓa leƙa fagen: a 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan laftof na shirin kowane yaro da tasa, masu aiki da Linux, a shekarar kuma aka yi cinikin kwamfutocin makaranta 17,000 da kamfanin Mandriva na Faransa. Allon rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ yana nan cikin Debian da Ubuntu. Afirka ta Kudu ta karɓi babban taron Debian a Cape Town a 2016, ɗanta Jonathan Carter ya jagoranci aikin daga 2020 zuwa 2024. Amma watannin daskarewa lokaci ne da ake roƙon kowa ya ɗora zauren gwaji a kan injinsa ya faɗi abin da ya gani, kuma injinan da ke teburin Tudun Wada ba irin na masu gwajin Turai ba ne. Tsofaffin HP da Dell da Lenovo ne na hannu, batir ya mutu, ana ɗauke musu wuta tsakiyar sabuntawa, suna aiki cikin zafin Maris da ƙurar hunturu, intanet ɗinsu daga waya ake jonawa. Aibin da zai bayyana a nan ba lallai ya bayyana a Jamus ba. In mai gyara ya ci karo da shi, yakan nemo dabara ya wuce, ya gaya wa maƙwabcinsa, maganar ta mutu a layin shaguna. Alhali akwai ƙaramar manhaja mai suna reportbug da ke tattara bayanan injin da kanta, mutum ya ƙara jimla biyar na abin da ya faru. Ɗalibin Gidan Kwano da ya iya ɗora Kali ya fi ƙarfin wannan.

Kuma ƙorafin masu amfani yana canza doka. Shekara da shekaru faifan ɗora Debian ba ya zuwa da 'yan manhajojin kamfanoni da katin Wi-Fi ke buƙata, saboda aƙidar 'yancin manhaja. Mutum ya gama ɗorawa ya tarar ba intanet, ba kuma hanyar sauko da abin da zai kawo intanet ɗin. A 2022 'yan Debian suka kaɗa ƙuri'a, daga bookworm aka fara haɗa su a ciki.

Yanzu kakar ta sake juyowa. Debian 13, trixie, ta fito ranar 9 ga Agustan 2025 da ƙunshi kusan 70,000, amma ta daina ɗoruwa a kan tsofaffin injina masu bit 32. Wata biyu bayan haka, ranar 14 ga Oktoba, Microsoft ta rufe kula da Windows 10, kuma yawancin laftof ɗin da suka girmi 2018 ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irinsu ne suka cika kantocin Minna. Masu bit 64 a cikinsu trixie za ta ɗauke su. Tsofaffin can kuwa bookworm ce gatansu, ita ma kulawarta ta dogon zango za ta ƙare a tsakiyar 2028. An riga an raɗa wa mai zuwa suna forky, kayanta na ta sauka a zauren gwaji, ƙofa a buɗe. A Tudun Wada maigidan shago ya ƙara filashi ta biyu a zaren makullansa, ya ɗiga mata jan fenti don yara su bambance: wannan ta tsofaffin injina ce, kada a goge ta.